Me Ya Sa Ƙarfe Yake Lanƙwasa, Me Ya Sa Yake Karyewa?

Ɗauki sandar sitil guda ɗaya, irin wadda ake yin kurfi ko zarto da ita, ka raba ta biyu. Ka sa duka biyun a wuta har su yi ja jawur. Ɗaya ka tsoma ta cikin ruwan sanyi nan take, ɗayar kuwa ka binne ta cikin toka mai zafi ta huce a hankali. Wadda aka tsoma za ta fito da taurin da zai iya karce gilashi, amma bugun guduma ɗaya ya isa ya tarwatsa ta. Wadda ta huce a toka za ka iya lanƙwasa ta, ka goge ta, ka huda ta ba gardama. Kai su ɗakin gwaji a auna abin da ke cikinsu, sakamako iri ɗaya za a ba ka: baƙin ƙarfe kusan kashi 99 cikin ɗari, kabon ƙasa da kashi ɗaya. Ba a ƙara komai ba, ba a rage komai ba. To daga ina bambancin ya fito?

Ya fito ne daga yadda atam, wato ƙwayoyin zarra, suka jeru a cikin ƙarfen. A ganina wanda ya kama wannan zaren ya kama ilimin sarrafa ƙarafa gaba ɗayansa: halin ƙarfe bai tsaya ga abin da aka yi shi da shi ba, ya dogara ga jerin da ke cikinsa, musamman ma wuraren da jerin ya ɓaci. Ɗan Adam ya shafe dubban shekaru yana narka ƙarfe yana ƙera shi bai taɓa ganin wannan jeri ba. Maƙeran da sun san abin da ke yi da abin da ba ya yi, dalilin ne ya ɓuya musu. Sai wajen 1863 wani masani a birnin Sheffield na Ingila, Henry Sorby, ya goge fuskar sitil har ta yi sumul, ya ɗiga mata ruwan asid mai rauni, ya duba ta da maikuroskof. Ya tarar abin da ido ke gani dunƙule guda ashe tarin ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna, kowace da iyakarta. Mutanen zamaninsa ba su kula da binciken ba sai bayan shekaru kusan ashirin.

Abin da ya tara ƙarafa gida ɗaya

Cikin sinadarai 118 da aka sani, sama da 90 ƙarafa ne, kuma ba su yi kama da juna ba. Zaiba ruwa ce a zafin ɗaki, ba ta daskarewa sai sanyi ya kai kusan digiri 39 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyas. Tangistan, wanda ake yin zaren ƙwan fitila irin na da da shi, ba ya narkewa sai a digiri 3,422. Ruwa ya fi litiyam nauyi, zinariya kuwa ta ninka ruwa nauyi sau 19. Abin da ya haɗa su shi ne yadda atam ɗinsu ke riƙe juna.

Kowane atam yana da cibiya mai cajin fozitif da elektron masu cajin negetif kewaye da ita. A ƙarfe, elektron na can bakin waje ba a riƙe su da kyau, sai su saki atam ɗin da suka fito daga ciki su zama na kowa da kowa, suna yawo a jikin ƙarfen baki ɗaya. Wannan taro mai yawo shi ke ɗaure atam ɗin wuri guda. Daga nan lantarki ke samun hanyar bi, daga nan zafi ke saurin ratsa ƙarfe, daga nan kuma sheƙinsa yake, don elektron ɗin suna mayar da mafi yawan hasken da ya faɗa musu. Azurfa ce kan gaba wajen ɗaukar lantarki, jan ƙarfe na bin ta. Alminiyum yana ɗaukar kusan kashi 60 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya da shi zai ɗauka, amma nauyinsa bai kai sulusin na jan ƙarfe ba, shi ya sa manyan wayoyin da ake ratayawa tsakanin turakun lantarki yawanci nasa ne.

Akwai abu mafi muhimmanci da wannan ɗauri ya haifar: ba ruwansa da wane atam ne ke kusa da wane. Idan sahun atam ɗaya ya zame a kan wani sahu, elektron ɗin suna nan suna ci gaba da riƙe su a sabon mazauninsu. Gwada da gishiri, inda masu cajin fozitif da masu negetif suka jeru ɗaya bayan ɗaya. Sahu ya gusa taki ɗaya kawai, masu caji iri ɗaya sun fuskanci juna, su ture juna, dunƙulen ya tsage. Shi ya sa guduma ke mayar da gishiri gari, amma giram ɗaya na zinariya za a iya buga shi ya baje har ya rufe fili kusan murabba'in mita guda.

Lokacin da narkakken ƙarfe ke daskarewa, atam ɗinsa ba sa tsayawa barkatai. Suna shiga tsari mai maimaita kansa, wanda ake kira kiristal, kuma tun daga 1912 zuwa 1913, da aikin Max von Laue a Jamus da na William Bragg da ɗansa Lawrence a Ingila, aka samu hanyar auna wannan tsari da hasken eksire. Mafi yawan ƙarafa suna bin ɗaya cikin tsari uku. Ka ɗauka akwai ɗan akwati mai fuska shida daidai wa daida. A tsari na farko akwai atam a kowace kusurwa takwas da kuma guda a can tsakiyar akwatin. Bari mu kira shi mai cibiya. Baƙin ƙarfe a zafin ɗaki da kiromiyum da tangistan nan suke. A na biyu akwai atam a kusurwoyi da kuma a tsakiyar kowace fuska, cikin akwatin kuwa ba kowa. Mu kira shi mai fuska. Jan ƙarfe, zinariya, azurfa, alminiyum, dalma da nikel duk nasa ne, kuma ba banza ba su ne ƙarafan da suka fi yarda a ja su a buga su, don sahunsu a matse yake, sumul, da hanyoyin zamewa har goma sha biyu. Na uku mai gefe shida ne, na tutiya da magniziyum da taitaniyum, hanyoyin zamewarsa kaɗan ne, saboda haka sarrafa su da sanyi yana da wuya.

Daskarewar ba daga wuri ɗaya take farawa ba. Dubban ƙananan kiristal ne ke tsirowa lokaci guda, kowane ya fuskanci inda ya ga dama, su yi ta girma har su ci karo. Su ne ƙwayoyin da Sorby ya gani. Ana ma iya ganinsu da ido a jikin wasu kwanukan rufi da bokitan da aka tsoma cikin tutiya, waɗannan zane-zanen masu kama da furanni.

Lissafin da ya ƙi fita

A 1926 wani masanin Rasha, Yakov Frenkel, ya lissafa ƙarfin da ake bukata kafin sahun atam guda ya zame a kan na ƙarƙashinsa gaba ɗaya. Amsar da ya samu ta ninka abin da ake gani a gwaji sau ɗari, wani lokaci sau dubu ko fiye. Lissafin ba shi da kuskure, gwajin ma haka. Ƙarfe dai ya fi yadda ya kamata laushi nesa ba kusa ba, kuma ba wanda ya san dalili.

A 1934 mutum uku, Geoffrey Taylor da Egon Orowan da Michael Polanyi, kowa a nasa rubutun, suka kawo amsa ɗaya. Jerin atam bai cika ba. Nan da can akwai sahun da ya taso ya tsaya a rabin hanya, bai kai ƙarshe ba, ya cusa kansa tsakanin cikakkun sahu biyu. Bakin wannan guntun sahu ya zama wani layi mai ratsa kiristal, inda atam ke matse a sama, a sake a ƙasa. Wannan shi ne layin gocewa. Idan aka danna ƙarfe, ba sahun ne ke zamewa duka a lokaci ɗaya ba. Layin gocewar ne ke matsawa taki ɗaya bayan ɗaya, ɗauri kaɗan ke kwancewa ya sake ɗauruwa a kowane taki, har layin ya fita ta ɗaya gefen.

Wanda ya taɓa ƙoƙarin gusar da babbar darduma mai nauyi a ɗaki ya san wannan dabara. Ka ja ta gaba ɗaya, ta ƙi motsi. Amma ka ɗaga bakinta ka yi ɗan tudu, ka bi tudun da ƙafa kana turawa har ɗaya bakin, sai ka ga dardumar ta gusa ba tare da ka yi gumi ba. Tudun nan shi ne layin gocewa.

Shekara ashirin da biyu aka yi ana magana a kan abin da ba wanda ya gani. Sai a 1956 Peter Hirsch da abokan aikinsa a Jami'ar Cambridge suka ga layukan suna tafiya a cikin siririn alminiyum ta maikuroskof mai aiki da elektron.

Daga nan komai ya zauna daidai. In tafiyar layukan gocewa ce ke sa ƙarfe lanƙwasa, to ƙara masa ƙarfi ba wani abu ba ne illa tare musu hanya. Duk dabarun da maƙera suka gano da hannu cikin dubban shekaru, in ka bi diddiginsu, nan suka dawo.

Lanƙwasa waya ka miƙe ta, ka sake lanƙwasawa a wuri ɗaya. Za ka ji wurin yana ƙara tauri, har ta fi son ta lanƙwasa a gefensa. Abin da ke faruwa shi ne layukan suna hayayyafa yayin da ake murɗa ƙarfen, su yi yawa har su sarƙe da juna, kowane ya tare wa ɗan'uwansa hanya. A ƙarfen da ya sha bugu sosai da sanyi, in aka haɗa tsawon layukan da ke cikin ɗan dunƙule mai santimita ɗaya ta kowane gefe, zai kai kilomita miliyan ko fiye. Ci gaba da lanƙwasa wayar, ta karye, don ba sauran layin da ke iya motsi. Maganin wannan shi ne wuta. Idan aka zafafa ƙarfen, atam suna samun kuzarin sake jeruwa, sababbin ƙwayoyi masu tsabta su tsiro su cinye tsofaffin da suka sarƙe, laushi ya dawo. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, in ji masu iya magana, kuma a nan maganar ta dace har a ma'anarta ta zahiri: a cikin zafi, gyaran yana tafiya tare da bugun, don haka ƙarfen ba ya taurara a hannun mai bugu. Dalma kuwa zafin ɗaki ma ya ishe ta wannan gyara, shi ya sa kome bugun da ta sha tana nan da laushinta.

Wata hanyar ita ce gauraye. Sa baƙon atam, wanda ya fi na gida girma ko ƙanƙanta, sai ya takura sahun da ke kewaye da shi, layin gocewa ya riƙa tuntuɓe a kansa. Jan ƙarfe zalla ya yi laushi da yawa ga makami, amma da aka zuba masa kuza kamar kashi goma cikin ɗari ya zama tagulla, wadda aka sa wa wani zamani guda na tarihi sunanta. Zinariya mai karat 24 zalla ce, farce ma na iya yi mata tabo. Mai karat 18 kashi 75 ne zinariya, sauran azurfa da jan ƙarfe da makamantansu ne, su ke ba ta jimirin sawa kullum.

Iyakokin ƙwayoyi su ma shinge ne, tunda layin da ya iso bakin ƙwaya sai ya tarar sahun maƙwabciyarta ya fuskanci wani waje. Ƙwayoyi suna ƙanƙancewa, shingaye suna yawa, ƙarfi yana ƙaruwa. Wasu masana biyu, Hall da Petch, suka tsara lissafin wannan a farkon shekarun 1950. Wannan hanya tana da wata falala da sauran ba su da ita, domin tana ƙara ƙarfi ba tare da ta sa ƙarfen saurin tsagewa ba.

Ta huɗun da tsautsayi aka same ta. A 1906 Alfred Wilm a Jamus yana gwada alminiyum mai ɗan jan ƙarfe kusan kashi huɗu. Ya zafafa shi ya tsoma a ruwa yana fatan ya taurara kamar sitil, bai taurara ba. Da aka sake aunawa bayan 'yan kwanaki sai ga shi ya yi ƙarfi shi kaɗai a ajiye. Ashe atam ɗin jan ƙarfen ne ke taruwa a hankali su yi mitsi-mitsin dunƙulaye da maikuroskof na lokacin ba ya iya gani, su zama duwatsun tuntuɓe ga layukan gocewa. Ba a tabbatar da haka ba sai a 1938, amma tun kafin nan an riga an fara ƙera jiragen sama da wannan gauraye.

Sai dai kusan duk ƙarfin da aka ƙara akwai abin da aka biya. Ƙarfen da layukansa suka kasa motsi ba zai lanƙwasa ya ba ka gargaɗi ba, karyewa zai yi kwatsam. Akwai kuma wani hali da duk waɗannan dabaru ba sa taɓawa, wanda ko masu aikin ƙarfe da yawa suna rikita shi. Rataya ɗan nauyi a jikin sandar sitil mai laushi da mai tauri masu kauri ɗaya, za su sunkuya daidai da juna, ka cire nauyin su miƙe daidai da juna. Wannan sunkuyawa ta wucin gadi ɗaurin atam ne ke hukunta ta, kuma wuta da ruwa ba sa canja shi. Bambancinsu yana bayyana ne idan nauyi ya yi yawa: mai laushin za ta lanƙwashe ta zauna a haka, mai taurin za ta jure ta dawo. Alminiyum ko wane iri ne yana sunkuyawa kusan ninki uku na sitil. Injiniyan da yake so katakon ƙarfensa ya rage sunkuyawa, sayen sitil mafi tauri ba zai amfane shi ba, sai dai ya ƙara kauri ko ya canja siffa.

Baƙin ƙarfe da kabon

Baƙin ƙarfe yana da wata baiwa da ƙarafa kaɗan ke da ita, yana canja tsarinsa tun bai narke ba. Daga sanyi har digiri 912 mai cibiya ne. Daga nan zuwa 1,394 sai ya koma mai fuska, sannan ya sake zama mai cibiya kafin ya narke a 1,538. Abin da ya sa wannan ya zama babban al'amari shi ne kabon. Atam ɗin kabon ƙanana ne, suna maƙalewa a ramukan da ke tsakanin atam ɗin baƙin ƙarfe. Tsari mai fuska, wanda a nan ake kira ostenait, ramukansa sun fi faɗi, yana iya shanye kabon har kusan kashi 2.1. Mai cibiya, wato ferait, da ƙyar yake ɗaukar kashi 0.02. Ninki ɗari ke nan.

Yanzu mu koma ga sandunan nan biyu. A cikin wuta duka biyun ostenait ne, kabon ya narke a jikinsu ya bazu. Wadda ta huce a toka, da ta sauko digiri 727 tsarinta ya fara juyawa zuwa mai cibiya, wanda ba shi da wurin ajiye kabon. Tunda akwai lokaci, kabon ɗin ya tattara ya fice, ya haɗu da wani ɓangare na baƙin ƙarfen suka yi wani sinadari mai tauri, simentait, wanda ya jeru falle-falle tsakanin fallayen ferait mai laushi. Sakamakon ƙarfe ne mai matsakaicin ƙarfi da ke yarda a sarrafa shi.

Wadda aka tsoma a ruwa ba a ba kabon ɗinta lokacin ficewa ba. Tsarin ya juye cikin ƙiftawar ido da kabon a ciki, ya fito a takure, a miƙe ta gefe ɗaya, cike da sarƙaƙƙun layukan gocewa da ba sa iya ko motsi. Shi ne matensait, sunan da aka samo daga Adolf Martens na Jamus. Taurinsa ya kai matuƙa, gautsinsa ma haka. Don haka ba a barin sa a haka. Ana sake ɗumama shi kaɗan, tsakanin digiri 200 zuwa 600 gwargwadon aikin da zai yi, kabon kaɗan ya samu fita ya yi ƙananan dunƙulaye, takurar ta sassauta. A rasa tauri kaɗan, a samu jimiri mai yawa. Kafin ma'aunin zafi maƙera da launi suke gane wannan: gogaggen sitil yana yin ruwan ɗorawa mai haske a wajen digiri 220, ya bi ta ƙasa-ƙasa da shunayya ya kai shuɗi a wajen 300. Launukan na wata siririyar fata ce da iska ke yi a fuskar ƙarfen, kaurinta na ƙaruwa da zafi. Ma'auni ne mai kyau ƙwarai, kuma har yau ana aiki da shi.

Ƙarfen gini irin su rodi kabon ɗinsa kaɗan ne, yawanci bai wuce kashi 0.3 ba, don a iya lanƙwasa shi a yi masa walda. In kabon ya haura kashi biyu an shiga ƙarfen zubi, mai saurin narkewa da cika kowane lungu na mazubi, amma ba ya jure lanƙwasa.

Tarihin samar da sitil kusan duka tarihin daidaita wannan ɗan kabon ne. Tama baƙin ƙarfe ne haɗe da oksijin, aikin gawayi shi ne ƙwace oksijin ɗin. Tandunan farko ba sa kai zafin narka shi, sai a fito da dunƙule mai soso a yi ta bugu har kashin maƙera ya fita. Dogon tandu mai iska, wanda mutanen Sin suka riga kowa amfani da irinsa ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, yana ba da narkakken ƙarfe amma da kabon kusan kashi huɗu. A 1856 Henry Bessemer ya nuna cewa hura iska cikin narkakken ƙarfen tana ƙone rarar kabon cikin mintuna, kuma ƙonewar da kanta ke ƙara zafi, ba sai an sa makamashi ba. Daga 1952 a Linz ta Ostiriya aka koma hura oksijin zalla, hanyar da mafi yawan sitil ɗin duniya ke bi yanzu, cikin jimillar da ta kai kusan tan biliyan 1.9 a 2023. Alminiyum kuwa, duk da ya fi kowane ƙarfe yawa a ɓawon ƙasa, ya riƙe oksijin da ƙarfin da gawayi bai iya raba su a tandu, sai da Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa shi kaɗai, suka gano hanya mai arha ta raba su da lantarki a 1886.

Yadda ƙarfe ke ba da kunya

Ranar 16 ga Janairun 1943, wani sabon jirgin dakon mai, Schenectady, yana tsaye a tashar Portland ta Amurka, ruwa lafiya lau, sai ya tsage biyu da ƙara. Ba shi kaɗai ba ne. Jiragen dakon kaya da Amurka ta yi ta ƙerawa da gaggawa a yaƙin duniya na biyu da yawa sun tsattsage, wasu sun rabe biyu a tekun Atilantika mai sanyi. Aka fara zargin masu walda. Constance Tipper ta Jami'ar Cambridge ta nuna cewa matsalar tana cikin sitil ɗin kansa. A tsari mai cibiya layukan gocewa suna bukatar taimakon zafi kafin su motsa. Sanyi ya sauka ƙasa da wani mataki, sai su daskare, kuma ƙarfen da jiya yake lanƙwasa yau ya tsage kamar gilashi. Waldar laifinta ɗaya: ta mayar da jikin jirgin falle guda, tsagar da ta tashi ba ta da inda za ta tsaya, alhali a jirgin da aka haɗa da ƙusoshi takan mutu a bakin falle. Ƙarafa masu tsari mai fuska ba su da wannan ciwo, shi ya sa tankunan iskar gas da aka mayar ruwa a digiri 162 ƙasa da sifili ake yin su da alminiyum ko sitil mai nikel da yawa.

Akwai kuma gajiya. Nauyin da bai isa ya lanƙwasa ƙarfe ba, in yana zuwa yana tafiya sau dubbai ko miliyoyi, layukan gocewa suna kai da kawo a wani ɗan lungu, bakin rami ko kusurwa ko karce, har su buɗe 'yar tsaga, ita kuma ta riƙa ci gaba kaɗan-kaɗan. August Wöhler ya yi nazarin wannan a kan sandunan ƙafafun jirgin ƙasa a Jamus tun shekarun 1860. Duk da haka a 1954 jiragen sama biyu ƙirar Comet na Ingila suka tarwatse a sararin sama kusa da Italiya. Masu bincike a garin Farnborough na Ingila suka nutsar da jikin wani jirgin cikin babban tankin ruwa, suna ƙara matsi suna ragewa kamar tashi da sauka, har ya tsage daga kusurwar wata kafa a jikinsa. Tun daga nan ake tsananta zagaye kusurwoyin tagogi da ƙofofin jirgi.

A zafi mai tsanani al'amari yakan juye. Iyakokin ƙwayoyi da suke shinge a sanyi su ne ke zama wurin rauni, ƙwayoyi su riƙa zamewa a kan juna, ƙarfen ya yi ta miƙewa a hankali ƙarƙashin nauyi. Don haka fukafukan da ke juyawa a wuri mafi zafi na injin jirgin sama, waɗanda ake yi da gaurayen nikel, ana zuba kowane ɗaya ya daskare a matsayin kiristal guda tilo, ba iyaka ko ɗaya a cikinsa.

Tsatsa kuwa komawar ƙarfe ce ga oksijin ɗin da aka raba shi da shi. Alminiyum ya fi baƙin ƙarfe son oksijin, amma fatar da yake yi siririya ce, a manne, ta toshe hanya. Ta baƙin ƙarfe mai ɓarguwa ce, tana faɗuwa ta buɗe sabon wuri. Harry Brearley, shi ma a Sheffield, ya lura a 1913 cewa sitil mai kiromiyum da yawa ba ya tsatsa. Daga kashi 10.5 zuwa sama kiromiyum ɗin yana yin tasa fatar mai gyara kanta in an karce ta. Tutiya dabararta daban ce, ita ke cinyewa a madadin ƙarfen da ta rufe, ko da rufin ya ɗan ɓare.

Ana yawan cewa ƙarfe ana iya narka shi a sake amfani da shi ba iyaka. Ga alminiyum ribar a fili take, sake narka tsoho yana cin kusan kashi biyar cikin ɗari na makamashin da sabo ke ci. Amma gauraye da yake da sauƙin yi, warware shi ba sauƙi. Tsohuwar mota in aka niƙa ta, wayoyinta na jan ƙarfe sukan bi sitil ɗin zuwa tandu. Hura oksijin tana fitar da kabon da silikon, amma ba ta fitar da jan ƙarfe, don baƙin ƙarfen ne zai riga shi ƙonewa. In ya taru, yakan narke ya kwanta a iyakokin ƙwayoyi lokacin da ake mulmula sitil da zafi, fuskar ta tsattsage. Rodi yana jure kusan kashi 0.4, fallen jikin mota kuwa yana bukatar ƙasa da kashi 0.1. Abin da masana'antu ke yi a yanzu shi ne su tsarma tsohon da sabon ƙarfe daga tama, ko su tura shi ga aikin da ba ya bukatar tsabta sosai, kuma yawan jan ƙarfen da ke cikin tarkacen duniya yana ƙaruwa da kowane zagaye.